Darasi: Ɓerayen da Ake Cire wa Gaɓar Gado a Ƙwayoyin Garkuwar Jiki Kaɗai

A shekarar 1993 wasu masu bincike a Jami'ar Kolon da ke Jamus, cikinsu har da Ralf Kühn da Klaus Rajewsky da Werner Müller, suka samar da ɓeraye waɗanda jikinsu ba ya iya yin wani furotin mai suna IL-10. An haifi ɓerayen kamar kowane ɓera. Da suka fara tasawa sai girmansu ya ja baya, jininsu ya yi ƙasa, hanjinsu ya kumbura. Da aka duba bangon hanjin sai aka tarar fararen ƙwayoyin jini sun yi cincirindo a wurin suna ɓarna a jikin da ya kamata su tsare. Daga nan aka tabbatar cewa IL-10 yana cikin saƙonnin da ke sa garkuwar jiki ta sassauta idan ta zafafa.

Wannan amsa ce mai kyau, amma rabi ce. Ƙwayoyin garkuwar jiki iri-iri ne, kuma da yawansu suna iya yin IL-10. Wanne ne daga cikinsu yake yin wanda ke kare hanji? Wanne ne kuma dole ya karɓi saƙon? Ɓeran da aka raba da IL-10 tun daga kansa har jelarsa ba zai iya faɗa ba, domin kowa a jikinsa ya rasa. Wannan darasi yana bayani ne a kan dabarar da aka ƙirƙiro don amsa irin wannan tambaya: yadda ake cire gaɓar gado ɗaya daga nau'in ƙwaya ɗaya, a bar ta a sauran jiki, wani lokaci ma a zaɓi ranar da za a cire ta.

Abin da ya kamata ku fara riƙewa

Jikin ɓera, kamar namu, an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. A cikin kusan kowace ƙwaya akwai dogon zaren gado da ake kira DNA, wanda aka rubuta da haruffa huɗu na sinadari: A, T, G da C. Zaren ɓera yana da haruffa fiye da biliyan biyu da rabi. Yankin zaren da ke ɗauke da umarnin yin furotin guda shi za mu riƙa kira gaɓar gado a wannan darasi. Ɓera yana da irin waɗannan gaɓoɓi sama da 20,000, kuma mafi yawansu suna da takwarorinsu a jikin ɗan'adam.

Abu biyu ne za su yi mana amfani nan gaba. Na farko, kusan kowace gaɓa tana zuwa ne kwafi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Duk wanda ya taɓa zuwa gwajin jini kafin aure ya san wannan, domin shi ne ma'anar AA da AS da SS. Na biyu, ƙwayar hanta da ƙwayar ido da farar ƙwayar jini duk zarensu ɗaya ne. Abin da ya bambanta su shi ne gaɓoɓin da kowace ta kunna. A gaban kowace gaɓa akwai wani yanki na zaren da ke aikin makunni, kuma wasu makunnan ba sa tashi sai a cikin nau'in ƙwaya guda. Dukkan dabarar da za mu karanta a kan wannan ta dogara.

Ƙwayoyin garkuwar jiki kuwa galibinsu a ɓargo ake haifarsu. Nutrofil su ne masu saurin isa wurin rauni, kuma gawarwakinsu ne mafi yawan mugunyar da kuke gani a maruru. Makrofaj suna zaune a cikin nama, a huhu da hanta da bangon hanji, suna haɗiye ƙwayoyin cuta da matattun ƙwayoyi. Ƙwayoyin B suna yin furotin da ke manne wa cuta, wanda allurar rigakafi ke sa jiki ya tanada. Ƙwayoyin T suna barin ɓargo su je wani ɗan kulli da ke bayan ƙashin ƙirji, mai suna taimos, a can suke kammala girma. Wasunsu suna kashe ƙwayar da cuta ta shiga, wasu suna ba sauran umarni, wasu kuma aikinsu hana 'yan'uwansu wuce gona da iri. Waɗannan na ƙarshe za mu kira su ƙwayoyin T masu tsawatarwa.

Inda tsohuwar dabara ta tsaya

Hanyar sanin aikin gaɓar gado ita ce a cire ta a ga abin da ya lalace. A 1981 Martin Evans da Matthew Kaufman a Kambirij ta Ingila, da kuma Gail Martin a Amurka, suka iya rainon ƙwayoyin tayin ɓera a faranti, ƙwayoyin da kowacce za ta iya zama kowane sashe na jiki. Mario Capecchi da Oliver Smithies suka gano yadda za a musanya wani takamaiman yanki na zaren gado da wanda aka shirya a ɗakin bincike. Da aka haɗa biyun, zuwa 1989 an fara samun ɓerayen da aka cire wa gaɓa da gangan. Evans da Capecchi da Smithies sun karɓi kyautar Nobel a 2007 saboda wannan aiki.

Sai dai gaɓoɓi da yawa tayi ba ya rayuwa in babu su. Wani babban aikin haɗin gwiwa na ƙasa da ƙasa ya ba da rahoto a 2016 cewa daga cikin gaɓoɓi 1,751 da aka cire ɗaya bayan ɗaya, 410 sun sa ɓeran bai rayu ba, wato kusan ɗaya cikin huɗu. Gaɓar Stat3, wadda za mu sake haɗuwa da ita, tana cikin irin waɗannan: tayin da ya rasa ta yana mutuwa wajen mako guda da shigar ciki, tun kafin a halicci ƙwayar T ko makrofaj ko guda. Mai son sanin abin da Stat3 ke yi a garkuwar jiki ba shi da ɓeran da zai duba.

Almakashi daga wata ƙwayar bairos

Mafitar ta fito daga inda ba a zata ba. Akwai wata ƙwayar bairos mai suna P1 da ke kama bakteriya. A 1981 Nat Sternberg ya bayyana cewa P1 tana da wani furotin, Cre, wanda yake gane wani gajeren jerin haruffa 34 a kan zaren gado, mai suna loxP. Jerin yana da haruffa 13 a wannan gefe, 13 a wancan, da 8 a tsakiya waɗanda ke nuna inda ya fuskanta. A 1987 Brian Sauer ya nuna cewa Cre yana aiki a cikin yis, shekara guda bayan haka kuma shi da Nancy Henderson suka nuna yana aiki a ƙwayoyin dabbobi masu shayarwa, ba tare da buƙatar wani mataimaki daga bakteriya ba.

Ku tuna tela da zai rage tsawon yadi. Yana sa alama biyu da alli, ya yanke abin da ke tsakaninsu, ya haɗa bakin biyu ya ɗinke. Jerin loxP su ne alamun, Cre kuma almakashi ne da allura a haɗe. Idan alamun biyu suna fuskantar gefe ɗaya, Cre yana haɗa su, ya yanke tsakiyar, ya ɗinke zaren, alama ɗaya ta rage a wurin. Guntun da aka cire yana naɗewa ya zama zobe ya ɓace, kuma duk ƙwayar da za ta fito daga wannan ƙwaya haka za ta gaji zaren, babu guntun. Idan kuwa alamun suna kallon juna, juya tsakiyar yake yi maimakon cire ta.

Alama ita kaɗai ba ta yin komai, almakashi kuma ba ya yanka inda babu alama. Saboda haka ake yin ɓeraye gida biyu. A gida na farko an sa loxP a gefe da gefen wani muhimmin yanki na gaɓar da ake bincike, a wuraren da ba su hana ta aiki ba, don haka ɓeran lafiyarsa ƙalau. A gida na biyu an dasa umarnin yin Cre a bayan makunnin da ba ya tashi sai a nau'in ƙwayar da ake so, shi ma lafiyarsa ƙalau. Sai an haɗa su aure, ɗan da ya gaji duka biyun, a jikinsa yankan ke aukuwa, kuma a cikin waɗancan ƙwayoyi kawai.

An fara tabbatar da haka a 1994. Hua Gu da Rajewsky a Kolon, tare da Jamey Marth wanda ya samar da ɓera mai yin Cre a ƙwayoyin T, suka cire wani yanki na gaɓar da ke yin furotin mai gyaran zaren gado. Ɓeran da ya rasa wannan gaɓa a duk jikinsa ba ya rayuwa. Wanda ya rasa ta a ƙwayoyin T kaɗai ya rayu. Yankan bai kama duk ƙwayoyin T ba, kuma wannan naƙasu yana tare da dabarar har yau.

A ɗakin kiwon ɓeraye

Yin ɓera mai alamun loxP ta tsohuwar hanya yakan ci shekara ko fiye. Ana tura guntun zaren da aka shirya cikin ƙwayoyin tayi ta hanyar ɗan bugun lantarki. Kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu guntun ke zama a daidai wurinsa, sai a tace su da magani, a gwada su ɗaya bayan ɗaya. Ƙwayoyin da suka dace, waɗanda galibi daga ɓera mai launin ƙasa-ƙasa suka fito, ana tura su da siririn allurar gilashi cikin tayin baƙin ɓera ɗan kwana uku da rabi, a dasa a mahaifar wata uwar. Idan 'ya'yan suka fito da gashi sai a ga wasu dabbare-dabbare, nan baƙi nan ƙasa-ƙasa. Ma'aikacin da ya leƙa keji ya ga haka ya san ƙwayoyin da aka gyara sun shiga jikin. Saura a ga ko sun shiga zuriya. Daga 2013 dabarar CRISPR ta ba da damar yin gyaran kai tsaye a cikin ƙwan da aka haɗa, lokacin ya ragu sosai. Da yawa cikin waɗannan ɓeraye ana ajiye su a cibiyoyi irin su Jackson Laboratory da ke jihar Maine a Amurka, wadda aka kafa a 1929, masu bincike suna saye daga can.

Yanzu mu yi lissafin auren, domin a nan ɗalibai suka fi ruɗewa. Tunda gaɓa kwafi biyu ce, dole kwafin biyu su kasance da alama kafin ƙwaya ta rasa ta baki ɗaya. A zagaye na farko ana haɗa ɓera mai Cre da ɓera mai alama a kwafi biyu. Duk 'ya'yan za su sami kwafi ɗaya mai alama ɗaya marar alama, rabinsu kuma za su gaji Cre. Sai a ɗauki ɗaya mai Cre a sake haɗa shi da mai alama biyu. A wannan zagaye rabin 'ya'yan za su gaji Cre, rabi kuma za su sami alama a kwafi biyu. Rabin rabi shi ne ɗaya bisa huɗu. Idan uwa ta haifi takwas, ana sa ran biyu ne za su zama abin da ake nema, wani lokaci a sami uku, wani lokaci ko ɗaya babu. Cikin ɓera kwana 19 zuwa 21 ne, ana yaye su a mako uku, suna isa aure a mako shida zuwa takwas. Zagaye biyun kaɗai sun kusa cinye rabin shekara.

Da ido ba a iya bambanta su, duk baƙaƙe ne masu kama ɗaya. Ana huda kunnen kowanne da wani ɗan ƙarfe, hudar ta zama lambarsa, ɗan naman da ya fita kuma, wanda bai kai ƙwayar gero ba, a kai shi gwaji a karanta abin da ya gada. 'Yan'uwansa da ba su gaji Cre ba su ne ma'aunin da za a gwada shi da su, kuma ya fi kyau su zauna keji ɗaya. Dalili shi ne ɓeraye suna cin kashin juna, don haka 'yan keji ɗaya bakteriyar hanjinsu takan zama iri ɗaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: an nuna a 1998 cewa ɓeran da ya rasa IL-10, idan aka raine shi babu ko bakteriya ɗaya a cikinsa, hanjinsa ba ya kumbura.

Wa ke aika saƙon, wa ke karɓa

Cikin 'yan shekaru aka tara ɓeraye masu Cre na kusan kowane reshe na garkuwar jiki. CD19-Cre na ƙwayoyin B ya fito a 1997, LysM-Cre na makrofaj da nutrofil a 1999, CD4-Cre na ƙwayoyin T a 2001, Foxp3-Cre na ƙwayoyin T masu tsawatarwa a 2008. Kowane suna yana ɗauke da sunan makunnin da aka yi amfani da shi. Da waɗannan aka koma kan IL-10.

A 2004 Axel Roers da abokan aikinsa suka cire IL-10 daga ƙwayoyin T kaɗai. Hanjin ɓerayen ya kumbura kamar na waɗanda suka rasa shi a duk jiki. Amma da aka yi musu allurar wani sinadari na bangon bakteriya wanda ke tayar da garkuwar jiki nan take, sai suka jure kamar lafiyayyu. Shekara biyu bayan haka aka cire shi daga makrofaj da nutrofil, sai abin ya juya: wannan allura ta fi yi musu illa, hanjinsu kuwa bai kumbura ba. Furotin ɗaya ne, amma aikin da yake yi ya danganta da ƙwayar da ta fitar da shi. A 2008 ɗakin binciken Alexander Rudensky ya ƙara matse tambayar, ya cire IL-10 daga ƙwayoyin T masu tsawatarwa kawai. Kumburi ya bayyana a babban hanji, huhu da fata kuma suka fi saurin harzuƙa, wato wuraren da jiki ke haɗuwa da duniyar waje. Sauran jiki bai afka ba cikin mummunar cutar da ake gani idan waɗannan ƙwayoyi sun ɓace gaba ɗaya.

Ta ɓangaren mai karɓa, amsar ta fara fitowa tun 1999 daga Japan, inda Kiyoshi Takeda da Shizuo Akira suka cire Stat3 daga makrofaj da nutrofil. Stat3 shi ke isar da saƙon IL-10 zuwa tsakiyar ƙwaya. Ɓerayen sun rayu, amma makrofaj ɗinsu sun daina jin IL-10, hanjinsu kuma ya kumbura. A 2014 ɗakin binciken Steffen Jung a Cibiyar Weizmann da ke Isra'ila ya gwada abu biyu gefe da gefe. Makrofaj da ba sa iya yin IL-10 ba su jawo cuta ba. Makrofaj da aka cire wa wurin karɓar IL-10 sun jawo kumburin hanji mai tsanani. A taƙaice ƙwayoyin T ne ke aika saƙon da ke kare hanji, makrofaj na bangon hanji kuma dole su ji shi. An shafe shekara ashirin da ɗaya daga ɓeran farko kafin a iya faɗin wannan jimla da hujja.

Abin bai tsaya kan ɓera ba. A 2009 likitoci a Jamus da Ingila suka bayyana wasu jarirai masu mummunan kumburin hanji tun cikin shekararsu ta farko, wanda magunguna da tiyata suka kasa. An gano sun gaji lalatacciyar gaɓar karɓar IL-10 daga uwa da uba duka. Tunda ƙwayoyin da ke buƙatar jin saƙon daga ɓargo suke fitowa, sai aka yi wa ɗaya daga cikin yaran dashen ƙwayoyin ɓargo daga ɗan'uwansa, cutar ta lafa. A ganina wannan shi ne dalilin da ya sa tambayar "a wace ƙwaya?" ta cancanci wahalar da ake sha a kanta. Ita ke nuna wa likita inda zai sa hannu.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. A zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, wani kaso na illar daga zafin martanin jiki yake fitowa. Ƙwayar cutar da ke kama mutum ba ta kama ɓera, don haka ana amfani da 'yar'uwarta, Plasmodium chabaudi, wadda aka samo daga ɓerayen daji a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya a 1965. A 2012 ɗakin binciken Jean Langhorne a Landan ya sa wa ɓerayen da ƙwayoyin T ɗinsu ba sa yin IL-10 wannan cuta. Sun rame, zafin jikinsu ya faɗi, mutuwa ta yi yawa a cikinsu, daidai da waɗanda suka rasa IL-10 a duk jiki. Binciken ya kuma nuna cewa ƙwayoyin T masu kai wa cutar hari su ne da kansu suka fi yin IL-10 ɗin da ke rage ɓarnar.

Zaɓen lokaci

Wani lokaci ana so ƙwaya ta girma da gaɓarta, sai ta balaga a cire. A 1995 Kühn da Rajewsky suka ɗora Cre a kan makunnin Mx1, wanda ke tashi idan jiki ya ji alamar bairos, ana kuma iya tayar da shi da allura. Da wannan aka nuna a 1997 cewa balagaggiyar ƙwayar B tana mutuwa cikin 'yan kwanaki idan aka cire mata furotin da take gane cuta da shi, ko da babu wata cuta a jiki. A 1996 kuma ɗakin binciken Pierre Chambon a Faransa ya haɗa Cre da wani guntun furotin da ke tsare shi a wajen tsakiyar ƙwaya, inda zaren gado yake. Ba ya shiga sai an ba ɓeran tamoksifen, maganin da ake ba masu sankarar mama. Ranar da aka ba da maganin ranar yankan ke farawa.

Sunan ɓera ba hujja ba ne

A nan nake so ku fi mai da hankali, domin wanda ya fahimci wannan sashe zai iya auna labarin binciken da ya ji a rediyo. Sunan da aka sa wa ɓera yana faɗin niyyar wanda ya yi shi ne, abin da ke faruwa a jikin kuwa sai an duba.

Ku ɗauki CD4-Cre. A jinin balagaggen ɓera wani rukuni na ƙwayoyin T ne ke ɗauke da CD4, wani rukunin kuma CD8. Mutum zai ɗauka yankan zai tsaya kan rukuni na farko. Amma a cikin taimos kusan duk ƙwayoyin T suna ratsa wani mataki da suke kunna CD4 da CD8 tare. A wannan ɗan lokaci Cre ya riga ya yi yankansa, kuma yankan ba ya komawa. Saboda haka rukunin biyu duka sun rasa gaɓar. LysM-Cre kuma sau da yawa ana kiransa na makrofaj, alhali yana yanka sosai a nutrofil, an kuma same shi a wasu ƙwayoyin huhu da na ƙwaƙwalwa. Wani lokaci Cre yakan tashi a maniyyi ko a ƙwai, sai a haifi ɗan da ya rasa gaɓar a duk jikinsa, mai bincike bai sani ba. Wani lokaci yankan ba ya kama duk ƙwayoyin, 'yan kaɗan da suka tsira su hayayyafa su cike gurbin, a duba a ce gaɓar ba ta da amfani. Cre ɗin kansa ma idan ya yi yawa yakan yanka wuraren da suka yi kama da loxP a zaren ɓera, ya cutar da ƙwaya, shi ya sa ake buƙatar a gwada da ɓera mai Cre wanda ba shi da alama.

Maganin yawancin wannan shi ne ɓera mai ba da shaida. A 1999 Philippe Soriano ya samar da ɓeran da aka sa wa gaɓar yin launi, aka toshe gabanta da wani shinge da ke tsakanin loxP biyu. Duk ƙwayar da Cre ya taɓa yin aiki a cikinta, shingen ya fita, ita da zuriyarta suna nuna launi: shuɗi a na Soriano, kore ko ja mai ƙyalli a waɗanda suka biyo baya. Mai bincike na kirki yana haɗa Cre ɗinsa da irin wannan ɓera, ya duba saifa da ɓargo da huhu da hanta da ƙwaƙwalwa, sannan ya ware ƙwayoyin da yake magana a kansu ya auna ko gaɓar ta fita da gaske. Rahoton da bai nuna an yi haka ba, a karɓe shi da taka-tsantsan komai girman cibiyar da ta fitar da shi.

Ɓera kuma ba mutum ba ne. A jinin babban mutum nutrofil ne suka fi yawa cikin fararen ƙwayoyi, a jinin ɓera kuwa ƙwayoyin B da T ne. Wani bincike na 2016 daga Jami'ar Minesota ya nuna cewa garkuwar ɓeran ɗakin bincike, wanda aka raina cikin tsafta, ta fi kama da ta jariri sabon haihuwa, kuma tana canzawa ta kusanci ta manya idan aka haɗa shi keji da ɓerayen da aka sayo a kasuwar dabbobi. Mutumin da ya girma da zazzaɓi da tsutsar ciki da ƙurar hunturu yana nesa da wannan keji.

Sannan akwai haƙƙin dabbar. Lissafin ɗaya bisa huɗu da muka yi yana nufin ana haihuwar ɓeraye da yawa da ba za a yi gwaji da su ba, kuma akasarinsu kashe su ake yi. Waɗanda ake gwajin da su suna jin ciwo na gaske. Tun 1959 William Russell da Rex Burch a Ingila suka shimfiɗa ƙa'idoji uku da dokokin ƙasashe da yawa ke bi a yau: a yi amfani da wata hanya idan akwai, a rage yawan dabbobin, a sauƙaƙa musu wahala. Gwajin da aka yi da sakaci, ba a tantance inda Cre ya yi yanka ba, ya salwantar da rayuka kuma bai samar da ilimi ba.

Aikin aji

Ga wani bincike na gaske da za ku tattauna a rukuni-rukuni. Tayin ɓeran da ya rasa gaɓar Notch1 yana mutuwa a ciki. A 1999 Freddy Radtke da abokan aikinsa a Lozan ta Suwizalan suka yi amfani da Mx1-Cre suka cire ta bayan haihuwa. Ƙwayoyin T suka daina samuwa, sai aka tarar da ƙwayoyin B sun taru a taimos.

1. Me ya sa ba za a iya yin wannan bincike da ɓeran da ya rasa Notch1 a duk jikinsa ba?

2. Mx1-Cre yana yanka a ɓargo, yana kuma yanka a hanta da wasu sassan jiki. Wane gwaji za ku ba da shawarar a ƙara don a tabbatar matsalar daga ƙwayoyin ɓargo take? Ku tuna da dashen da aka yi wa yaron nan mai ciwon hanji.

3. An haɗa ɓera mai Cre da alama a kwafi biyu da ɓera mai alama a kwafi biyu marar Cre. Idan uban kwafi ɗaya na Cre yake ɗauke da shi, 'ya'ya nawa cikin goma ake sa ran za su rasa gaɓar a ƙwayoyin da ake nufi? Ku zana lissafin a allo, ku kwatanta shi da na auren AS da AA.